Tambaya da Amsa: Gidana na ƙasa ne, inshora za ta biya ni idan ruwa ya ci shi?

Tambaya: Ni manomi ne a Zoza, ƙaramar hukumar Rogo. Gidana ginin ƙasa ne, rabi soro rabi kwano, kuma a gangare yake. Bara da marka ta kankama, katangar gabas ta zube, ruwa ya shiga rumbu ya jiƙa mana masara. Yarona da ke karatu a Kano ya ce in yi inshora. Shin halal ce? Da gaske suna biya? Me kuma ya kamata in yi kafin ruwa ya sauka?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce a hannunka.

Da an ce ambaliya, hankalin mutane kan tafi ga dam: Bagauda da ya ɓalle a 1988, ko Alau da ya shanye Maiduguri a Satumbar 2024, ga kuma Challawa a Ƙaraye kusa da ku. Amma abin da ka faɗa ba aikin dam ba ne, ruwan sama ne da bai sami hanyar wucewa ba. Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ka da ta gindi. Ka hau soron tun da bazara ka duba tsaga, a sabunta yaɓe. Ka duba indararo da kyau: idan gajere ne, ruwa na bin jikin bango, za ka ga ya zana layi ya rarake ƙasar har zuwa ƙasa. A sa dogo, a zuba duwatsu inda ruwan ke faɗowa. Azarar da gara ta ci a cire ta yanzu, kada a jira watan Agusta.

Gindin gini shi ya fi muhimmanci. Idan kuɗin siminti bai isa gida duka ba, a zagaye bangon da ke fuskantar gangare da dakali mai tsayin gwiwa, a ɗaga dokin ƙofar zaure. A haƙa magudana ta bayan gida. Sai dai kada ka juya ruwa ya faɗa gidan maƙwabci. Ku sami mai unguwa a yi gayya, a yashe hanyar ruwan tun daga sama har fadama. Buhunan hatsi a ɗora su kan katako nesa da bango. A ɗaga bakin rijiya a rufe, don ruwan da ya ratsa masai ya shiga rijiya shi ke kawo amai da gudawa. Takardun gona da katin ɗan ƙasa a naɗe a leda a rataye sama. Kuma don Allah, ɗakin da bangonsa ya jiƙe ya fara kumbura kada yara su kwana a ciki ko dare ɗaya. Kowace shekara hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya, ana kuma karantawa a rediyo. Ka riƙa saurare.

Sai batun inshora. Malamai da dama sun ƙi wadda aka saba da ita saboda riba da rashin tabbas da ke cikin yarjejeniyar. Shi ya sa aka kawo takaful, inda kowa ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon wanda masifa ta afka wa. Hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi a 2016. Duk da haka ka tuntuɓi malaminka.

Kamfanonin inshora suna biya, amma abin da aka rubuta kaɗai. Inshorar gobara zalla ba ruwanta da ambaliya. Dole takardar ta ambaci ambaliya da iska ƙarara. Da yake da Turanci ake rubutawa, yaronka ya karanta maka layi-layi kafin ka sa hannu. Ka faɗa musu gaskiya cewa ginin ƙasa ne kuma ruwa ya taɓa cin sa. Mai yiwuwa su ƙi karɓa ko su tsawwala kuɗi, amma ɓoyewa zai sa su hana ka diyya ranar da kake buƙata. Kada ka ba wani dillali kuɗi ba tare da rasit da lambar takarda ba, domin in kuɗi bai shiga kamfani ba, babu kariya.

A ganina, gonarka ta fi gidan dacewa da inshora. Hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, tana aiki tun 1987, tana ɗaukar asarar ambaliya, fari da ƙwari, kuma a tsarinta gwamnati ke ɗauke rabin kuɗin inshorar a kan amfanin abinci irin masara da shinkafa. Ana shiga ne lokacin shuka, ba bayan ruwa ya kwanta a gona ba, kuma ya fi sauƙi ta ƙungiyar manoma. In asara ta zo, a ɗauki hoto da waya a kai rahoto nan da nan.

Idan kuɗin da ke hannunka aiki ɗaya kawai zai yi, Malam, ka sayi siminti ka kira magini kafin ruwan farko.