Mai keke da hanyoyin Kartum da Umdurman

Kartum babban birnin ƙasar Sudan ne. A nan Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, su zama kogi ɗaya. Umdurman tana yamma da kogin. Gadoji ne suka haɗa garuruwan biyu. Akwai Hausawa da yawa a Sudan. Kakanninsu sun kama hanyar Makka a ƙasa, sai suka zauna can.

A garuruwan nan, kamar a Maraɗi da Damagaram, ɗalibi da ɗan kasuwa suna hawan keke. Amma hanya ba ta zama iri ɗaya duk shekara. Mai keke na ƙwarai yakan duba ƙasa kafin ya taka feda.

Lokacin ɗari

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba a ruwa. A watan Janairu zafi yakan kai digiri 30 da rana, ya sauka wajen digiri 15 da dare. Ƙasa ta bushe, ta yi tauri. Wannan lokaci ya fi kowane daɗin hawan keke.

A arewacin Umdurman akwai duwatsun Karari. Hanyoyin irin wannan wuri cike suke da tsakuwa da ƙaya. Tsakuwa tana gudu ƙarƙashin taya a gangare. Saboda haka mai keke yakan kama birki a hankali. Yakan ɗauki ruwan sha da famfo da kayan faci.

A busasshiyar korama kuwa, rairayi ne. Siririyar taya takan nutse a ciki. Idan aka rage mata iska kaɗan, sai ta baje, ta hau kan rairayin.

Bazara da damana

A Mayu da Yuni zafi yana wuce digiri 40. A lokacin ne ake yawan guguwar ƙura wadda mutanen Sudan suke kira habub. Tana tasowa kamar jan bango, ta rufe gari. Mai mota ba ya ganin mai keke. Sai mai keke ya sauka, ya rufe hanci, ya nemi mafaka. In ta wuce, ya goge sarƙar kekensa, ya sa mata mai.

Ana ruwa daga Yuli zuwa Satumba. Ruwan ba shi da yawa, amma yakan zubo da ƙarfi. Ƙasar kudancin Kartum baƙar laka ce. In ta jiƙe tana da santsi, tana manne wa taya har ta ƙi juyawa. A Umdurman koramu irin su Abu Anja sukan cika nan da nan. A watan Agusta na 1988 an yi ruwa fiye da milimita 200 cikin kwana ɗaya. Gidaje masu yawa suka rushe. Mai hankali ba ya shiga ruwa mai gudu da keke, don bai san zurfinsa ba.

A ƙasashen sanyi

Ruwa yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 0. Wannan ba ya faruwa a hanyoyin Kartum. Amma a Kanada da Alaska dusar ƙanƙara takan rufe hanya wata da watanni. Duk da haka mutane suna hawan keke.

A shekarun 1970 aka fara ƙera keken hawan duwatsu a Kalifoniya, cikin Amurka. Daga baya aka yi wani mai taya mai faɗin santimita 10. Shi ya dace da dusar ƙanƙara, domin tana da laushi kamar rairayi. Can ma rage wa taya iska suke yi.

Da safe dusar tana da ƙarfi. Da rana takan narke. Da dare sai ta sake daskarewa, ta zama ƙanƙara mai santsi wadda ta fi jiƙaƙƙiyar laka kā da mutum. Don haka suke sa taya mai ƴan ƙusoshi, masu kama ƙanƙara.

Wani sabon haɗari

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum. Hanyoyi suka lalace. Gadar Shambat ta karye a Nuwamba na shekarar. Yaƙi yakan bar harsasai da bama-bamai da ba su fashe ba. A irin wannan wuri mai keke yakan bi hanyar da mutane suke bi. Ba ya taɓa ƙarfen da bai sani ba.

Mu riƙe

Ƙasa mai laushi tana son taya mai faɗi da iska kaɗan. Ƙasa mai santsi tana son tafiya sannu da birki a hankali. Ruwa mai gudu da guguwa suna son haƙuri. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.

Kalmomi

keke: le vélo
taya: le pneu
birki: le frein
rairayi: le sable
laka: l'argile
dusar ƙanƙara: la neige
ƙanƙara: la glace

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suke haɗuwa a Kartum?
2. Wane lokaci ya fi daɗin hawan keke a can? Don me?
3. Me mai keke yake yi idan habub ta taso?
4. Ta ina rairayi ya yi kama da dusar ƙanƙara?

Aiki

Ku duba hanyar da kuke bi zuwa makaranta. Ku rubuta jimla 5 a kan yadda take da ɗari da kuma yadda take da damana.