Me Lambar Zurfin Bincike Ke Nufi a Manhajar Wasan Chess ta Waya?

Duk wanda ya taɓa buɗe Lichess ko Chess.com ko DroidFish a wayarsa, ya kunna ɓangaren nazarin wasa, zai ga wasu lambobi suna ta sauyawa a gefen allo. Ɗaya tana hawa a hankali: 12, 15, 18, 22. Wata kuma tana gudu da dubbai ko miliyoyi. Matasa da yawa suna ɗauka cewa manhajar da lambarta ta fi girma ita ce ta fi ƙarfi, wasu ma da wannan suke gwada wayar wane ta fi ta wane. A wannan darasi za a yi bayanin abin da lambobin suke aunawa, da abin da ba sa aunawa, domin mai waya ya san lokacin da zai amince da shawarar manhaja da lokacin da zai ƙara ba ta lokaci.

A fara da darar gida

Mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ba baƙo ba ne ga dara, wadda ake yi da gurabe a ƙasa a gindin bishiya. A tsarin da aka fi sani, gurabe 30 ne, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Wanda zai fara sakawa yana da zaɓi 30. Abokin karawarsa yana da 29. Wato bayan sakawa biyu kacal, hanyoyi 870 ne wasan zai iya bi. A sakawa ta uku sun zama 24,360, a ta huɗu kuma 657,720.

Gwanin dara ba ya lissafa duk waɗannan. Yana duban biyu ko uku da suka fi ma'ana, ya ce a ransa: in na saka nan, zai tare can, ni kuma in biyo ta nan. Wannan "in na yi, zai yi" shi ne abin da masana kwamfuta suke kira bincike, adadin matakan da aka hango gaba kuma shi ne zurfi.

Haka abin yake a chess, wato darar Turawa. Mai fararen 'ya'ya yana da zaɓi 20 a motsin farko, mai baƙaƙe ma 20, jimilla hanyoyi 400. Bayan motsi uku sun kai 8,902, bayan huɗu 197,281, bayan biyar 4,865,609, bayan shida kuma 119,060,324. Tun a 1950, masanin lissafi Claude Shannon na Amurka ya ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai lamba 1 da sifili 120 a bayanta. Babu kwamfutar da za ta iya bin su duka, don haka dole manhaja ta tsaya a wani wuri ta yi hukunci.

Ma'auni na farko: zurfi

Kalmar da ake gani a allo ita ce depth. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ana ƙirga ta da motsin ɗan wasa ɗaya ne, ba na biyun a haɗe ba. Idan manhaja ta nuna zurfi 20, ma'anarsa motsi 10 na fari da motsi 10 na baƙi.

Manhajar ba ta yin tsalle zuwa 20 kai tsaye. Tana gama zurfi 1, ta koma ta yi 2, sannan 3, a haka har lokacinta ya ƙare. Shi ya sa lambar take hawa ɗaya bayan ɗaya. Kamar ɓata lokaci ne, amma yana da amfani biyu. Na ɗaya, duk sanda aka tsayar da ita tana da amsa a hannu. Na biyu, abin da ta gano a zurfi 9 shi ke nuna mata motsin da za ta fara dubawa a zurfi 10, kuma wannan yana rage mata aiki sosai, kamar yadda za a gani a ƙasa.

A wasu manhajoji ana ganin lamba biyu, misali 22/31. Ta farko ita ce zurfin da ake kai a wannan zagaye. Ta biyu ita ce mafi nisan wurin da manhajar ta leƙa a wasu hanyoyi kaɗan da ta ga suna da haɗari. Dalilin wannan ƙarin leƙe shi ne wata tsohuwar matsala. A ce a matakin ƙarshe na bincike sarauniya ta cinye soja. Idan manhaja ta tsaya nan, za ta yi murna ta samu riba, alhali a motsi na gaba za a cinye sarauniyar. Don haka manhajoji ba sa yin hukunci a tsakiyar cinye-cinye, sai sun bi shi har ƙura ta lafa.

Ma'auni na biyu: yawan matsayi a daƙiƙa

Kowane yanayin allo da manhaja ta duba ana ƙirga shi ɗaya. Jimillar su ita ce nodes a allo, adadin da take dubawa a daƙiƙa guda kuma shi ne nps. Wannan lamba ce take nuna gudu.

Kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM, wadda ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a birnin New York a watan Mayun 1997 da maki uku da rabi da biyu da rabi, tana duba matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa. Wayar hannu ta yau ba ta kusa da wannan gudu. Duk da haka Stockfish da ke cikin waya mai kyau ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam a wasan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gudu ba shi ne komai ba.

Akwai wani misali. A Disambar 2017 kamfanin DeepMind ya sanar da sakamakon karawar AlphaZero da Stockfish na lokacin. AlphaZero yana duba dubban matsayi ne a daƙiƙa, Stockfish kuma gomman miliyoyi, wato ya ninka shi gudu kusan sau dubu. A wasanni 100, AlphaZero ya ci 28, aka yi canjaras a 72, bai sha kashi ko sau ɗaya ba. An yi ta muhawara kan sharuɗɗan karawar, amma darasin ya tsaya: wanda ya san inda zai duba ya fi wanda yake duba ko'ina da sauri. Daga baya, a Satumbar 2020, Stockfish 12 ya ɗauki wata fasahar ƙirƙirarriyar basira mai suna NNUE wajen tantance matsayi. Gudunsa ya ragu, ƙarfinsa ya ƙaru.

Ma'auni na uku: yawan rassa

Nan ne ainihin inganci yake. A tsakiyar wasan chess, ɗan wasa yana da zaɓi kusan 35 a kowane motsi. Idan manhaja za ta duba komai har zurfi 6, sai ta ninka 35 sau shida, wanda ya haura matsayi biliyan 1.8. A ɗauka waya tana duba miliyan ɗaya a daƙiƙa: za ta shafe kusan rabin awa kafin ta gama hango motsi uku kacal na kowane ɓangare.

Dabarar da ta warware wannan ita ce alfa-beta, kuma kowane ɗan dara yana amfani da ita ko da bai san sunanta ba. A ce ya duba motsi na farko ya ga ba zai rasa komai ba. Ya koma na biyu, nan take ya ga abokin karawa zai jera uku ya ɗauke masa ɗa. Ba ya bukatar ya zauna yana lissafa sauran amsoshin da abokin zai iya bayarwa, domin amsa ɗaya ta riga ta nuna motsi na biyu ya fi na farko muni. Sai ya yar da shi ya wuce.

A 1975, Donald Knuth da Ronald Moore sun yi nazarin wannan dabara da lissafi. Idan aka yi sa'a ana fara duba motsi mafi kyau a kowane mataki, zurfi 6 ɗin nan zai bukaci matsayi kusan 86,000 ne kawai maimakon biliyan 1.8, kuma amsar ba za ta canza ba. Aikin rabin awa ya koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Sharaɗin shi ne a fara da motsi mai kyau, shi ya sa hawa zurfi ɗaya bayan ɗaya yake da riba.

Manhajojin zamani sun ƙara wasu dabaru. Suna ajiye matsayin da suka riga suka duba a ƙwaƙwalwar waya, domin idan wata hanya ta sake kawo su wurin, ba sai sun maimaita aiki ba. Suna kuma rage zurfin motsin da ke can ƙarshen jeri, waɗanda da wuya su zama masu kyau.

Ana auna nasarar duk wannan da lissafi mai sauƙi: a raba adadin matsayin da aka duba kafin a gama wani zurfi da adadin na zurfin da ya gabace shi. Misali, idan zurfi 19 ya ci matsayi miliyan 2, zurfi 20 kuma ya ci miliyan 3.4, amsar ita ce 1.7. Wato kowane ƙarin mataki yana ninka aiki sau 1.7, ba sau 35 ba. Manyan manhajoji na yau suna ƙasa da 2. Idan lambar ta yi ƙasa, manhajar za ta fi saurin nutsawa.

Wannan lissafi yana da amfani ga mai shirin sauya waya. Idan lambar 2 ce, wayar da ta ninka wata gudu sau biyu za ta ƙara mataki ɗaya ne kawai a lokaci iri ɗaya. Wadda ta ninka sau huɗu, mataki biyu. Mai ƙaramar waya zai samu amsa iri ɗaya idan ya ƙara haƙurin 'yan daƙiƙoƙi.

Inda lambar zurfi take yaudara

Tunda kowace manhaja tana da irin nata yankan rassa, zurfi 25 a wannan ba daidai yake da zurfi 25 a waccan ba. Wata za ta kai 30 da wuri saboda ta zubar da hanyoyi da yawa, ciki har da wadda ke ɗauke da amsar gaskiya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko tsakanin tsohon Stockfish da sabo ba a kwatanta wannan lamba kai tsaye.

Haka kuma zurfi ya danganta da yanayin allo. A ƙarshen wasa, inda 'ya'ya suka rage kaɗan, manhaja takan kai 40 ko fiye cikin ɗan lokaci. A tsakiyar wasa mai cunkoso, 20 ma sai an jira.

Shi ya sa masu gina Stockfish ba sa karɓar sabon gyara don kawai ya ƙara zurfi ko gudu. Suna da wani tsari mai suna Fishtest, inda kwamfutocin masu sa kai suke buga dubban wasanni tsakanin sabon samfuri da tsoho. Idan sabon ya fi cin wasa, an karɓa. Idan bai fi ba, an yar. Ma'aunin ƙarshe shi ne makin Elo, wanda ake ba 'yan wasa ma. Magnus Carlsen na ƙasar Norway ya kai 2882 a 2014, mafi girma da ɗan Adam ya taɓa samu. Manyan manhajoji sun haura 3500 a jadawalin gwajin kwamfutoci.

Yadda za a gwada a waya

Mai son ganin wannan da idonsa zai iya sauke DroidFish a wayar Android, wadda ke zuwa da Stockfish a ciki kuma tana aiki ba tare da data ba. Sai ya kiyaye waɗannan:

1. Ya zaɓi matsayi guda ɗaya ya riƙa gwaji da shi. Idan waya biyu za a kwatanta, samfurin manhajar da saitinta su zama iri ɗaya.
2. Ya rubuta lokacin da aka ɗauka kafin a kai wani zurfi, misali 20, ba gudun daƙiƙa kaɗai ba.
3. Ya rubuta jimillar matsayi a zurfi biyu da ke jere, ya raba, ya fitar da lambar rassa da kansa. Zai fi kyau ya maimaita a matakai da dama, domin lambar tana hawa da sauka.
4. Ya lura da zafin waya. Nazari yana sa na'urar sarrafawa aiki ba hutu, batir yana saurin sauka, kuma idan waya ta yi zafi takan rage gudunta da kanta. Gwajin da aka yi da tsakar rana a watan Afrilu a Babura zai iya bambanta da na daren hunturu.
5. Idan ya sa manhaja ta nuna hanyoyi uku ko biyar a lokaci ɗaya, zurfin zai hau a hankali, domin aikin ya ƙaru.
6. A Lichess, wani lokaci zurfi mai girma yana bayyana nan take a farkon wasa. Wannan sakamako ne da aka ajiye a intanet, ba ƙarfin wayar ba ne.

Ga mai nazarin wasansa, ƙa'idar ita ce kada ya yanke hukunci da lambar farko da ta fito. Ya bari zurfin ya hau, ya ga ko motsin da manhajar ta zaɓa da makin da ta bayar sun daina sauyawa. Idan suna ta canzawa, matsayin yana da sarƙaƙiya, yana bukatar ƙarin lokaci.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta kuma, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, ga aikin gwaji mai kyau: a rubuta ƙaramar manhajar dara ta gurabe 30, a sa ta ƙirga matsayin da take dubawa. A fara da mai duba komai, a rubuta adadin a zurfi 4 da 5. Sannan a ƙara alfa-beta, a sake ƙirgawa. Daga nan a gyara jerin motsi yadda za a fara duba wanda ke cin ɗa, a ƙirga karo na uku. Bambancin lambobin nan uku zai nuna wa ɗalibi abin da ake nufi da ingancin bincike, kuma a ƙarshe zai samu manhajar da za a iya kai wa gwanayen unguwa su gwada ta.