Ciwon Kwatangwalo

Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo ya ke, yana juyawa cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu. Guringuntsi ya lulluɓe su domin kada su goge juna. Tsufa da aikin fadama su kan cinye guringuntsin nan a hankali.

Amma ku lura da yaro mai amosanin jini in ya soma ɗingishi. Watakila jini ya kasa kaiwa kan ƙashin, yana mutuwa. A kan ji zafin a matsematsi, wani lokaci a gwiwa, har a yi ta shafa wa gwiwa magani a banza. Wannan ba aikin maɗori ba ne, gama ba karaya ba ce. Ku kai shi Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi a ɗauki hoto.