Rubutun da Ba Ka Iya Ganowa, Tamkar Ba Ka Yi Shi Ba Ne



Bara, bayan mun kammala shekarar farko, na yi SIWES ɗina na wata huɗu a wani kamfanin jima da ke Challawa. Ni ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma a Hotoro nake zaune, don haka kullum bayan sallar asuba nake fita, in hau adaidaita sahu biyu, wata rana uku, kafin in isa. Aikina shi ne awon pH na ruwan da ake jiƙa fata a ciki. Kafin a zuba sinadarin kurom, ana barin fatar cikin ruwan gishiri da asid har awon ya sauka wajen 3. Idan ya yi sama da yawa, kurom ɗin zai kama bayan fatar kawai, ba zai ratsa cikinta ba. Ka ga kenan lamba ɗaya tana iya jawo asarar fatu masu yawa.

Wata Laraba dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya ce mini, "Ɗana, nawa ka samu a ganga ta uku shekaranjiya?" Na ce, "Baba, yanzun nan." Na zaro waya. Wallahi sai da na shafe kusan minti goma ina lalube. Na duba Google Keep, babu. Na duba saƙonnin da nake tura wa kaina a WhatsApp, babu. Na shiga hotuna, sai ga hotunan allo da na biki da na handawut duk a cakuɗe. Shi kuwa Baba sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani ɗan littafi da ya sha jiki, ya buɗe ranar, ya karanto mini lambar da ni da kaina na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Wayarka ta fi littafina tsada, amma nawa yana amsawa idan na kira shi."

A lokacin manhajoji biyar nake rubutu a ciki, har da wadda na kwana biyu ina yi mata ado da launuka saboda na gani a YouTube. Ashe lokacin da ya kamata in yi karatu, a gyaran tsari yake ƙarewa. Ga abubuwa biyar da na koma yi tun daga ranar.

1. Wuri ɗaya tak

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya rubuta bashi a littafi biyar. Malamanmu na zaure ma kundi ɗaya suke tara fa'idojinsu, kuma sun san inda kowace take. Kai ma zaɓi manhaja ɗaya, ka tsaya a kanta. Sharuɗɗa uku nake dubawa: ta buɗe ko babu data, ta iya nemo kalma, kuma ta bar ka ka kwashe rubutunka idan za ka bar ta. Sharaɗi na ukun ba wasa ba ne. A watan Disamba na 2023, Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa rubutu 50 kacal. Google Keep ta ishi yawancinmu. Mai kwamfuta yana iya gwada Obsidian, wadda ke ajiye rubutu a cikin na'urarka a matsayin fayil na yau da kullum. WhatsApp kuwa hanya ce, ba ma'ajiya ba: duk abin da wakilin aji ya turo a guruf mai amfani, kwashe shi a ranar.

2. Suna iri ɗaya, folda huɗu

Kowane rubutu ina fara sunansa da kwanan wata, shekara da farko, sai wata, sai rana, sannan lambar kwas da batun. Misali: 2025-02-11 awon pH ganga ta uku. Idan ka jera haka, na'ura da kanta za ta tsara su daga tsoho zuwa sabo. Folda huɗu gare ni: Kwasa-kwasai, Furojet, SIWES, da Tsofaffi. Da zangon karatu ya ƙare, sai in tura komai Tsofaffi. Kada ka yi folda cikin folda cikin folda. Idan sai ka tsaya tunanin inda za ka jefa rubutu, to tsarin ya yi maka yawa.

3. Hoto ba rubutu ba ne

Nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Lakcara na gama rubutu a allo, sai ka ga wayoyi sun tashi sama. Mun ɗauka, amma mun fahimta? Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan koyon abu. Saboda haka duk hoton da na ɗauka, kafin in kwanta sai na rubuta layi uku a ƙarƙashinsa da bakina: mene ne wannan, me ya sa yake da muhimmanci, me ban gane ba. Da Hausa ma nake yi wani lokacin, don in tabbatar ba haddar Turanci na yi ba.

Wani masanin zamantakewa ɗan Jamus, Niklas Luhmann, wanda ya rasu a 1998, ya bar ƙananan takardu kusan 90,000 a akwatunan katako, kuma da su ya rubuta gomman littattafai. Babu manhaja, babu intanet. Dabararsa ita ce yana rubuta tunani da kalmominsa, ya ba takardar lamba, ya nuna wace takarda take da alaƙa da ita. Masu furojet, ku ƙara abu ɗaya: duk abin da kuka ɗauko daga littafi, ku rubuta sunan marubuci, shekara da shafi nan take. Na ga abokin da ya yi kwana uku yana neman inda ya samo sakin layi ɗaya a babi na biyu, saura mako guda ya kare aikinsa.

4. Minti ashirin duk Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci, kafin in fita majalisa, nakan zauna in bi rubutun mako. Wanda ba shi da amfani in goge, wanda ba shi da suna in sa masa, abin da ban gane ba in tara shi don tambayar malam ranar Litinin. Da wannan zaman na riƙa cike logbuk ɗina mako-mako, maimakon in zauna daren zuwan sufabaiza ina ƙirƙiro abin da ban tuna ba. Rahoton ƙarshe ma bai ba ni wahala ba, domin kusan rabinsa yana nan a rubuce.

5. Ka ɗauka wayar za ta ɓata

Duk wanda ke Kano ya san matsalar ƙwacen waya, Allah Ya tsare mu. Ko ba ƙwace, waya tana faɗawa ruwa, allo yana fashewa. Google tana ba kowane asusu 15GB kyauta, ya ishi rubutun shekara biyu har da ragi idan ba ka cika shi da bidiyo ba. Tabbatar rubutunka yana hawa can duk lokacin da ka samu data. Sannan ga abin da mutane ke mantawa: idan lambar tabbatar da asusunka layin wayarka take zuwa, ranar da waya ta tafi, layin ma ya tafi. Shiga saitin tsaro, ciro lambobin ko-ta-kwana, rubuta su a takarda, ajiye a gida. Babi-babin furojet kuma ka tura wa kanka ta imel duk lokacin da ka gama ɗaya.

Wani jan kunne ga masu zuwa masana'antu a Sharada, Bompai ko Challawa: ba komai ake ɗauka hoto ba. Haɗin sinadarai da lissafin kaya sirrin kamfani ne. Nemi izini tukuna, kuma abin da aka ce na cikin gida ne, kada ya hau wayarka.

Ga gwajin da zan bar ku da shi. Ba abokinka izini ya zaɓi kowace lakca ta watan jiya, ya ce ka nuna masa rubutunta. Idan ka gano ta cikin daƙiƙa 30, tsarinka lafiya lau, kada ka taɓa shi ko wace sabuwar manhaja aka tallata maka. Idan ka wuce haka, ragewa za ka yi, ba ƙari ba.

Mu da muke shirin fita, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki tana jiranmu kafin babbar difuloma, kuma a can babu wakilin aji da zai sake turo maka abin da ya wuce. Kafin in bar Challawa, Baba ya sake jefo mini irin waccan tambayar, na ba shi amsa kafin ya gama buɗe littafinsa. Ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu wayar ta zama taka."

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya.