Maganin Ciwon Damuwa da Mas'alar Ƙiba

Daga cikin mas'alolin da sukan zo gaban mai harhaɗa magunguna, musamman wanda Allah ya ajiye shagonsa a unguwa irin Gudu ta Abuja, inda ɗan kasuwar kayan mota da ma'aikacin gwamnati da matar aure da ɗalibi duk sukan tsaya gaban kanta ɗaya, akwai wata wadda ba a faye kawo ta da baki ba, sai dai a gane ta daga takardar likita da aka daina kawowa. Mutum ya yi wata uku ko huɗu yana karɓar maganin ciwon damuwa a kan kari, barci ya samu, fuska ta washe, ya koma bakin sana'arsa, sa'an nan a neme shi a rasa, in kuwa an yi katari an gamu bayan an kwana biyu, aka tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, maganin nan kumbura ni yake yi, wandunana duk sun ƙi shiga." A cikin wannan magana akwai gaskiya wadda ba ta musantuwa, akwai kuma hukuncin da aka yanke a kanta cikin gaggawa, ba tare da an saurari ɗaya ɓangaren ba.

Gaskiyar tsohuwa ce, domin tare aka haife ta da magungunan kansu. A shekarar 1952, sa'ad da likitoci a birnin New York na Amurka suke gwada wani magani mai suna iproniazid a kan masu tarin fuka, sai suka lura marasa lafiyar sun shiga walwala, cin abincinsu ya buɗe, jikinsu ya ciko, daga nan ne ma aka fara tunanin ba da shi ga masu baƙin ciki. A 1957 wani likita a ƙasar Siwizalan, Roland Kuhn, ya bayyana fa'idar imipramine, a 1961 kuma aka fito da ɗan'uwansa amitriptyline, wanda har yau, saboda araharsa, ba safai rana takan faɗi ba a nemi shi a kantata ba. Ba ma masu damuwa kaɗai ake rubuta wa shi ba. Akan ba mai ciwon jijiya, da mai ciwon ɓarin kai, da wanda barci ya ƙaurace wa, don haka maganar ta shafi mutane da yawa waɗanda ba su taɓa taka ƙofar likitan ƙwaƙwalwa ba.

Amma ta yaya ƙwaya 'yar mitsitsiya, wadda ba mai a cikinta ba sukari, za ta sa wa mutum tumbi? Sababin yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da ake kira histamin, wanda yana daga cikin aikinsa ya riƙe mutum a farke, ya kuma taimaka wajen sanar da shi cewa ya ƙoshi. Amitriptyline da mirtazapine suna toshe masa hanya, sai kasala ta sauko, ƙoshi ya yi jinkirin zuwa, sha'awar kayan zaƙi da na gari ta tashi, galibi kuwa da dare. Mai karatu zai fi fahimta in na ce masa cyproheptadine, wanda yake cikin magungunan ƙibar nan da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata suke saye gabanin biki, dangin amitriptyline ne a wajen ƙira, kuma ƙofa ɗaya suke rufewa. Abin da wata take biyan kuɗi ta nema, shi ne yake zo wa wani a matsayin illa.

Akwai kuma wata hanya ta biyu wadda littattafan Turai sukan ambata a taƙaice, alhali kuwa a ƙasarmu mai zafi ina ganin ta kai rabin mas'alar. Amitriptyline yana busar da baki. Wani bawan Allah mai sayar da tayoyi a Kasuwar Gudu, dattijo mai kamala, ya zo mini yana ƙorafin ya ƙara kilo shida alhali, in ji shi, ko loma ɗaya bai ƙara a kan tuwonsa ba, na kuwa gaskata shi, sai dai na ce, "Alhaji, in bakinka ya bushe a shago, me kake sha?" Ya yi shiru, sa'an nan ya fara lissafi da yatsu: lemon kwalba bayan Azahar, maltina in baƙo ya zo, zoɓo mai sanyi wajen yarinyar da take zagayawa da kula, shayi mai kauri da Magariba. A cikin babbar robar lemo guda akwai sukari fiye da cokalin shayi goma, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi nasiha kada abin da baligi zai sha na sukari a yini ya wuce kimanin cokali 12, in ya tsaya a shida ma ya fi. Da ya mai da gorar ruwa abokiyar zamansa a ƙarƙashin benci, ya kuma rage sukarin shayi, sikeli ya tsaya cik, ba a canza masa ko ƙwaya ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka duk magungunan hukuncinsu ɗaya. Wani bincike da masana na King's College da ke Landan suka fitar a 2018, bayan sun bi bayanan kusan mutum 300,000 tsawon shekara goma, ya nuna cewa a cikin kowane mutum 100 masu shan irin wannan magani, kimanin 11 sukan ƙara kashi biyar cikin ɗari na nauyinsu a shekara, a cikin marasa sha kuwa kimanin 8. Bambancin na haƙiƙa ne, amma bai kai yadda tsoro yake zana shi ba, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne haɗarin ya fi ƙarfi a shekara ta biyu da ta uku, wato lokacin da majinyaci da iyalinsa suka riga suka saki jiki. Mirtazapine ne ya yi gaba a wannan bincike. Amitriptyline da paroxetine su ma an san su da haka. Fluoxetine, wanda ya fito a Amurka a ƙarshen 1987, da sertraline sun fi sauƙi, bupropion kuwa galibi ba ya sa ƙiba. In kuma likita ya haɗa wa mutum da olanzapine, kamar yadda akan yi in ciwon ya tsananta, to sau da yawa shi ne babban mai laifin, ba wanda ake zargi ba.

Wajibi ne kuma a yi wa magani adalci. Ciwon damuwa yakan hana da yawa cin abinci har su rame, su yi zuru-zuru. In irin wannan ya fara magani ya mai da kilo huɗun da ya zubar, wannan murmurewa ce, alhamdu lillahi. Sai dai a nan ne al'adarmu take shigo da nata ruɗanin, domin mu mutane ne da muka ɗauki cikar jiki alamar hutu da kwanciyar hankali. Matar da ta sha fama, in ta fara cikowa, dangin miji da ƙawaye sai su yi ta cewa, "Kai, Hajiya, masha Allah, kin yi kyau, hankali ya kwanta," ita ma ta ji daɗi, ba wanda zai ce a hau sikeli, har kilo huɗu su zama goma sha biyar, gwiwoyi su fara ƙara, a je awo a tarar da hawan jini ko ciwon sukari ya yi sallama. Budurwa mai aikin ofis kuwa, wadda take kallon kanta a hoton waya kullum, kilo biyu sun isa su sa ta jefa maganin a kwandon shara. Ta farkon ta yi sakaci, ta biyun ta yi gaggawa, dukansu kuma ba wadda ta koma ta gaya wa likitan da ya rubuta.

Gaggawar ta fi ba ni tsoro. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya, cewa idan cuta biyu suka haɗu, ba makawa sai an ɗauki ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙinsu; wanda kuwa ya taɓa ganin mutumin da damuwa ta kwantar, ya kasa wanka, ya kasa kallon 'ya'yansa, har zuciyarsa ta fara raya masa cewa mutuwa ta fi masa, ba zai ɗora wannan a mizani ɗaya da ƙarin inci biyu a ƙugu ba. Tun ƙarni na goma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da yake da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda yake sauko wa mutum ba dalili, ya kuma ce na biyun asalinsa daga jiki yake, yana bukatar magani. Saboda haka mai cewa shan ƙwaya raunin tawakkali ne, bai san turbar magabata ba. Ƙa'idar likitoci ita ce a ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, domin wanda ya yanke da wuri ciwon ya fi saurin komo masa. Yankewa farat ɗaya kuma tana da tata azabar: jiri, tashin zuciya, mugayen mafarkai, da wani abu kamar fizgar lantarki a cikin kai, musamman ga masu shan paroxetine ko venlafaxine. Da yawa in wannan ya same su sai su ce ai ga shi maganin ya zama jaraba, ko kuwa a ce iska ce, a nufi wani wajen.

Abin da nake roƙon duk wanda ya miƙo mini irin wannan takarda karon farko shi ne ya hau sikelin da ke gefen kanta kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, mu rubuta nauyin a bayan kwalin, ya kuma riƙa hawa duk sa'ad da ya zo karɓar na wata. In ƙarin ya kai kashi biyar cikin ɗari, wato kilo uku da rabi ga mai kilo 70, lokacin magana da likita ya yi, ba sai riga ta ƙi shiga ba. Likita yana da hanyoyi: ya duba ko akwai wani maganin a cikin haɗin da za a rage, ko ya sauya zuwa wanda ya fi sauƙi, a janye wannan sannu a hankali ana shigar da wancan, ya kuma sa a auna sukari da hawan jini. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi a kan maganinsa, don haka ba rashin kunya ba ne mutum ya ce, "Likita, wannan yana sa ni ƙiba, ko akwai wani?" Mazaunin Gudu ko Apo ko Lokogoma bai yi nisa da Asibitin Ƙasa ba, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Babban Asibitin Karu.

Game da abinci ba ni da dogon wa'azi. Yunwar da maganin yake tayarwa ta dare ce, mai shayi kuwa da indomi da ƙwai da burodi yana nan a bakin layi har sha biyu. Wanda ya ci tuwonsa da miyar ganye da wuri, ya sha ƙwayarsa dab da kwanciya, ya tsere wa wannan jarrabawa. Wake da kwaɗon zogale da rama suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da fanke. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, ita ce minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa, tana kuma rage damuwar kanta. A garin da mutum daga mota sai ofis, bayan sallar Asuba ne lokacin da ya fi samuwa, kafin rana ta buɗe. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook da WhatsApp kuwa, mafi yawansa maganin gudawa ne ko mai sa fitsari, ruwa yake zubarwa ba kitse ba, ba a kuma san yadda zai gamu da maganin likita a cikin jini ba. Ni dai ba na ajiye shi.

Saura watan Ramadan, wanda a cikinsa ake yawan tambayata. Galibin waɗannan magunguna sau ɗaya ake shan su a yini, saboda haka azumi ba ya tilasta barin su: masu sa barci, irin amitriptyline da mirtazapine, a sha bayan Tarawihi, fluoxetine kuwa da yake yakan hana wasu barci, a sha da sahur, bayan an yi shawara da wanda ya rubuta. Wanda bakinsa yake bushewa ya yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya yi hattara da kunu da zoɓon da aka cika wa sukari, domin na sha auna mutanen da suka fito daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi. Amitriptyline kuma, a kowane wata ne, a ɓoye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma in mai shan sa yana cikin matsanancin hali, wani amintacce a gidan ya riƙe kwalin yana ba shi na kowane dare, domin yawansa a ciki yana taɓa zuciya.