Inshorar Mota: Wa Take Biya, Wa Ba Ta Biya?

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta iso Maraɗi. Daga nan ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa da Damagaram. In kaka ta yi, motoci ba su hutawa a kanta. Wasu sun ɗauko aya da wake da gujiya, wasu ƴan kasuwa, wasu ƴan biki.

Magidanta da yawa sun taɓa yin shatar mota don kai amarya, ko kai maras lahiya likita, ko kai amfanin gona kasuwa. Amma kaɗan ne ke tambayar takardar inshorar motar. An ɗauka takarda ce ta nuna ma jandarma kurum. Ba haka ba ne. Ranar da tsautsayi ya auku, ita ke nuna wanda za a biya da wanda zai koma gida hannu Rabbana.

MI AKE NUHI DA INSHORA?

Inshora, wadda direbobi a tasha suke kira asirans, alkawali ne tsakanin mai mota da kamfani. Mai mota ya biya kuɗɗi na wata 3, ko wata 6, ko shekara guda. Kamfani ya ɗauki alkawalin biyan ɓarnar da motar ta yi cikin wannan lokaci. Masu mota dubbai ne ke zuba kuɗɗi, amma ba dukansu ke yin haɗari ba. Da abin da aka tara ake ɗauke ma wanda abin ya faɗa ma nauyi. Kamar gayya ce: hannu da yawa, gona ɗaya. A Nijar akwai kamfanoni masu wannan aiki, kamar Leyma da CAREN da SUNU.

Ranar 10 ga Yuli 1992, a birnin Yawunde na Kamaru, Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka sa hannu a yarjejeniyar da ake kira CIMA. Dokarta ta fara aiki a 1995. Sashi na 200 na dokar ya wajabta inshora ga duk abin hawa mai inji da ke tahiya a ƙasa. Ƙaramar mota da babba da babur na kabu-kabu duk suna ciki. Amalanken shanu ko na jaki ba ya ciki, don ba shi da inji.

INSHORAR DOLE

Inshorar dole ta wasu ce, ba ta mai mota ba. Ga waɗanda take biya:

1. Mai tahiya ƙasa da mota ta buge.
2. Fasinjan da ya ji ciwo cikin motar, ko da ɗan gidan direba ne.
3. Mai wata mota, ko babur, ko amalanke da aka ɓata ma abin hawa.
4. Mai dabba, ko shago, ko katanga da motar ta yi ma ɓarna.
5. Magadan wanda ya rasu a haɗarin.

Ga abin da ba ta biya:

1. Ciwon da direban motar ya ji da kansa.
2. Gyaran motar da aka yi ma inshorar.
3. Kayan da aka ɗora ma motar, kamar buhunan aya ko na wake.
4. Sata ko gobarar motar.

Ga misali. Wata mota ta taso daga Gazawa za ta Maraɗi da fasinja da buhunan aya. Kusa da Cadawa taya ta fashe. Motar ta bugi amalanke, ta kashe sa guda, ta faɗi. Fasinja uku da direba suka ji ciwo. Inshorar dole za ta biya san da amalanken, ta biya fasinjan nan uku. Direba kuwa shi zai nemi kuɗɗin maganinsa. Mai mota shi zai gyara motarsa. Ayar da ta zube ma kamfani ba ya biyan ta.

ƘARIN DA MUTUM KE ZAƁA

Inshora kamar laima take. Abin da ke ƙarƙashinta kaɗai take karewa. Mai son laima mai faɗi sai ya ƙara kuɗɗi. Akwai ƙarin da ke biyan direba in ya ji ciwo, ko iyalinsa in ya rasu. Akwai na sata, akwai na gobara, akwai na fashewar gilashi. Akwai wadda ake kira tu-risk, mai biyan gyaran motar ko da laihin direbanta ne. Kayan fatauci kuma suna da tasu inshora daban.

A irin wannan ƙari, sau da yawa akwai wani kaso da mai mota ke biya daga aljihunsa, kamfani ya cika saura. Yana rubuce cikin takarda. Sai a sa a karanta shi kahin a sa hannu.

MAI SHATA DA MAI ARO

Ɗaukar mota iri biyu ce. Ta farko, a yi shatar mota da direbanta. Nan mai shata da mutanensa fasinja ne, inshorar dole ta ruhe su. Kayansu ne ba ta ruhe ba. Don haka a yi magana da mai mota gaban shaidu: in kaya suka lalace, wa zai biya?

Ta biyu, mutum ya yi hayar mota ko ya are ta, ya tuƙa da kansa. Inshora tana bin mota, saboda haka in ya bugi wani, kamfani zai biya wanda aka buge. Amma shi yanzu direba ne. In ya ji ciwo, inshorar dole ba ta san da shi ba. In motar ta lalace, mai ita zai biyo shi da kuɗɗin gyara. Kowa ya ɗebo da zahi, bakinsa.

Kahin a hau, a duba abu huɗu:

1. Ranar da inshora ta fara da ranar da za ta ƙare. In ta ƙare jiya, yau babu ita. Wadda ba a biya kuɗɗinta ba kuma ba ta aiki.
2. Lambar da ke takarda ta zama ita ce ke jikin motar.
3. Aikin da aka rubuta ma motar. Inshorar motar gida daban, ta motar haya mai ɗaukar fasinja daban. Mai motar da ya ɓoye ma kamfani gaskiya da gangan yana iya rasa inshorarsa.
4. Parmin direba da yawan mutanen da aka yarda motar ta ɗauka.

In direba ba shi da parmi, ko an loda mutane bisa kaya, doka ba ta bar waɗanda suka ji ciwo a banza ba. Kamfani zai biya su. Amma daga baya yana da ikon bin mai laihi ya maido masa kuɗɗinsa. Irin wannan bashi yana iya cinye gona da garke.

Wanda ya sayi tsohuwar mota shi ma ya kula. Inshorar tsohon mai ita tana tsayawa kwana 5 bayan ciniki. Sai sabon mai mota ya yi tasa.

MAI ƘETARA IYAKA

Mutanen jihar Maraɗi suna yawan zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Najeriya ba ta cikin CIMA, dokar inshorarta daban ce. A 1982, a birnin Kwatano, ƙasashen CEDEAO suka ƙirƙiro wani kati mai ruwan ƙasa don motocin da ke ƙetara iyaka. Nijar ta hita daga CEDEAO a watan Janairu 2025. Saboda haka direba ya je wurin kamfaninsa kahin tahiya, a nuna masa a rubuce ƙasashen da takardarsa ke aiki.

IN HAƊARI YA AUKU

Da farko a kai masu ciwo likita. A kira jandarma ko ƴan sanda su auna wurin, su rubuta abin da ya faru. A rubuta lambar motar da sunan kamfanin inshorarta. Mai mota ya sanar da kamfani cikin kwana 5 na aiki. In sata ce, cikin awa 48.

Wanda ya ji ciwo ya aje takardar likita da rasit na kowane magani. In rasuwa ce, za a nemi takardar rasuwa da takardun haihuwar ƴaƴa. Yaron da ba a yi ma takardar haihuwa ba yana shan wuya kahin ya sami rabonsa. Kada a yi jinkiri, don bayan shekara 5 da haɗari ƙofar ƙara tana ruhewa.

Sau da yawa dangi kan ce ƙaddara ce, sun yahe. Yahe ma direba alheri ne. Amma kuɗɗin inshora ba daga aljihun direba suke hitowa ba. An riga an biya kamfani domin irin wannan rana. Haƙƙi ne na matar mamaci da marayu, bai kamata wani ya yahe shi a madadinsu ba.

Wanda ya iya karatu yana iya duba kwanan wata da lambar mota da idonsa. Wanda bai gane ba ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne mutane ne inshorar dole take biya?
2. Manomi ya ari mota, ya tuƙa, ya bugi icce. Wa zai gyara motar?
3. An yi inshorar wata 3 ranar 10 ga Oktoba. A wane wata za ta ƙare?
4. Waɗanne takardu ne magada za su tanada?