Mu yi ma jinjiri magana

Jama'a, da yawa cikinmu suna cewa: "Me za a faɗa ma jinjiri? Ai ba ya ji." Wannan kuskure ne. Jinjiri yana jin muryar uwarsa tun yana cikin ciki. Bakinsa ne bai buɗe ba, amma kunnensa a buɗe yake.

Wajen wata 6 yana fara "ba-ba-ba". Wajen shekara 1 yana faɗin kalmar fari. In ya shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa". Wani yana sauri, wani yana ɗan jinkiri. Amma duka abin da suka ji ne suke maidowa.

Uwargida, mun san aikinki yana da yawa. Ba mu ce ki aje taɓarya ba. Yaro yana goye, ki faɗa masa abin da kike yi: "Ga turmi. Ga hatsi. Muna daka." A bakin rijiya ki nuna masa guga da tulu. Wajen wanka ki taɓa hancinsa ki ce "hanci". In ya yi gwalantunsa, ki amsa masa, sa'an nan ki dakata ya sake. Hira ke nan kuka yi. In ya ce "uwa" maimakon "ruwa", kada a yi masa tsawa. A ce: "I, ruwa. Ga ruwa cikin moɗa."

Sai zancen ɗan fari. Al'adarmu ta sa uwa tana jin kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Ba mu zo rushe al'ada ba. Amma yaron bai san kunya ba, murya yake buƙata. To, kaka da gwaggo da sauran ƴan gida su cika masa kunne da zance. Ke ma uwa, cikin ɗaki wa yake ganinki? Ki yi masa magana.

Maigida, kai ma da naka. In ka dawo daga gona, ka ɗora shi bisa cinya. In yana tambaya "mene ne wannan?" sau goma, ka amsa sau goma. Da dare a yi masa gatana, a bar shi ya faɗi tasa ko da ta karkace. Gidan da ake Hausa da Zabarmanci ko Fulatanci, a yi masa duka biyu. Harshe biyu ba ya hana yaro magana.

Salula kuwa ba ta amsa ma yaro. A 2019 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar jinjiri da kallon bidiyo.

Mu lura da kunne. Sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar da mugunya suna iya kurmantar da yaro. Ku tsaya bayansa inda ba ya ganinku, ku kira shi. In ba ya waiwayowa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, a kai shi gidan likita. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye cikin kunne.